Ƙafafun Ƙwaƙwalwar Na'ura: Yadda Suke Karɓar Saƙo Da Bayar Da Umarni

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Auyo, wadda ke cikin masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa, tana shimfiɗe ne a kwarin Kogin Haɗejiya. Kogin ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano, wanda aka yi wa madatsa a Tiga cikin 1974, da Kogin Challawa, wanda aka datse a 1992. Daga nan ya ratsa Wudil da Ringim, ya biyo ta Auyo da Haɗejiya, sannan ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru. Ruwan nan shi ne arzikin mutanen yankin, domin da shi ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa, musamman a ƙarƙashin Shirin Noman Rani na Kwarin Haɗejiya. Sai dai kuma ruwan da ke raya gona shi ne kan cinye ta. A shekarun 2018 da 2020 da 2022 ambaliya ta shafe gonaki, ta rushe gidaje a garuruwa da dama na wannan kwari, kuma ciyawar kachala da ke toshe hanyoyin ruwa tana ƙara dagula lamarin.

Ruwa ba ya zaɓen lokacin da zai taso. Yana iya zuwa da tsakar dare, lokacin da mai gadi ya gaji barci ya ɗauke shi. Akwai wata 'yar ƙaramar na'ura da ke iya yin irin wannan gadi dare da rana, ta ji tashin ruwa, ta kuma buga ƙararrawa. A wannan babi za a yi bayanin yadda na'urar ke ji da yadda take bayar da umarni, wato ta hanyar ƙafafunta. Manufa ita ce ɗalibi mai koyon aikin malanta ya fahimci batun, ya kuma iya bayyana shi ga ɗalibansa da ingantacciyar Hausa.

2.0 Ma'anar Ƙwaƙwalwar Na'ura

Idan aka ce ƙwaƙwalwar na'ura, ana nufin wata 'yar ƙaramar kwamfuta da aka harhaɗa dukkan sassanta a cikin ƙwaya ɗaya ta sinadarin silikon. Sunanta na aro shi ne maikurokwantirola. A cikinta akwai sashen lissafi, da ma'ajiyar umarni, da ma'ajiyar wucin gadi, da kuma hanyoyin hulɗa da waje. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannan rubutu. Aiki ɗaya ake ɗora mata, ta yi ta maimaita shi muddin akwai wuta. Ana samun ta a cikin mitar wuta mai kati, da na'urar daidaita cajin sola, da rimot na talabijin, da motocin zamani.

Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da samfurin TMS1000 kasuwa a 1974, kamfanin Intel kuma ya fitar da 8051 a 1980. A 2005 aka ƙirƙiro allon Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya domin sauƙaƙa wa ɗalibai, sannan a 2010 aka fitar da samfurin Uno, wanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P. Da ita za a yi misali a wannan babi.

A gefe biyu na jikin ƙwaƙwalwar akwai waɗansu siraran ƙarafa a jere. Masu gyaran rediyo da talabijin suna kiran su ƙafafu. Wannan faɗaɗa ma'ana ce irin wadda ta samar da ƙafar kujera da ƙafar mota, don haka babu buƙatar aro wata kalma. Doguwar ATmega328P tana da ƙafa 28. Biyar daga ciki na shigar da wuta ne da daidaita awo, sauran 23 kuwa na hulɗa da waje ne. A kan allon Uno an ware wa mai aiki guda 20: goma sha huɗu masu lamba 0 zuwa 13, da shida masu lamba A0 zuwa A5.

3.0 Harshen Da Ƙafafu Ke Amfani Da Shi

Kafin a ci gaba, wajibi ne a bambance abu biyu, wato matsin lantarki da kwararar lantarki. A dubi ruwan da aka tare a bayan madatsa. Tsayin da ruwan ya kai shi ne kwatankwacin matsi, kuma da bolt ake auna matsin lantarki. Yawan ruwan da ke wucewa idan aka buɗe ƙofar madatsa shi ne kwatankwacin kwarara, wadda ake aunawa da amfiya. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya shi ne miliamfiya. Akwai kuma rizisto, wani ɗan ƙaramin abu da ke taƙaita kwarara kamar yadda ƙuntatacciyar ƙofa ke rage gudun ruwa, kuma da om ake auna ƙarfinsa.

Kalma biyu kacal ƙafafu suka sani: sama da ƙasa. A allon Uno, sama na nufin bolt 5, ƙasa na nufin bolt 0. A lissafi ana rubuta su 1 da 0. Ɗalibin Hausa ba baƙo ne ga irin wannan tsari ba, domin ya san karin sama da karin ƙasa. Kalmar wuya ta jikin mutum tana da karin sama-ƙasa, wuya mai nufin wahala kuwa tana da karin ƙasa-sama. Mai sauraro ba ya auna ainihin kaifin muryar mai magana, yaro ne ko dattijo. Abin da yake kamawa shi ne ko gaɓa ta hau ko ta sauka. Haka ƙwaƙwalwar na'ura take. Duk matsin da bai kai bolt 1.5 ba ƙasa ne a wurinta, duk wanda ya haura bolt 3 kuma sama ne. Abin da ya faɗa tsakanin waɗannan iyakoki biyu ba shi da tabbas, tana iya karanta shi ta kowace fuska.

Kowace ƙafa tana iya zama ta karɓa ko ta aikawa, amma ba ta yin duka biyun a lokaci guda. Mai rubuta manhaja shi ke zaɓa mata aiki. A cikin ƙwaƙwalwar akwai waɗansu ƙananan ma'ajiyoyi da ake kira rajista, kuma guda uku ne ke kula da ƙafafu. Ta farko tana riƙe da alkibla: idan aka rubuta 0 ƙafa ta zama ta karɓa, idan aka rubuta 1 ta zama ta aikawa. Ta biyu tana riƙe da abin da za a aika. Ta uku tana nuna abin da aka karɓa. Da zarar an kunna na'ura, dukkan ƙafafu a matsayin masu karɓa suke farawa. Hikimar hakan ita ce kada na'ura ta tura wuta cikin wani abu kafin ta san abin da aka jona mata.

4.0 Ƙafar Karɓa

Ƙafar karɓa ita ce kunnen na'ura. Aikinta shi ne duba matsin da ke kanta ta kai rahoto. Wutar da take sha wajen yin haka ba ta taka kara ta karya ba, don haka ba ta takura wa abin da take aunawa. Wannan siffa tana da amfani, amma ita ce kuma tushen babbar matsalar ƙafar.

4.1 Ƙafa Mai Reto

Idan aka bar ƙafar karɓa ba a jona ta da sama ko ƙasa ba, sai a ce tana reto. A wannan hali ɗan lantarkin da ke jikin mutum idan ya kai hannu kusa, ko wanda ke tsallakowa daga wayar wuta da ke kusa, ya isa ya sauya abin da take karantawa. Yanzu ta ce 1, an jima ta ce 0, alhali babu abin da ya faru. Mai koyo yakan faɗa wannan rami idan ya haɗa makunni tsakanin ƙafa da layin ƙasa kawai. Idan makunnin yana rufe, ƙafa za ta karanta 0 daidai. Idan ya buɗe, ba abin da ke riƙe da ita, sai ta shiga reto.

4.2 Riziston Ja-sama

Maganin reto shi ne a ɗaure ƙafar da layin bolt 5 ta hanyar rizisto mai ƙarfi, kamar mai om 10,000. Shi ake kira riziston ja-sama. Idan makunni yana buɗe, riziston zai riƙe ƙafar a sama, ta karanta 1. Idan makunni ya rufe, ƙafar ta haɗu da ƙasa kai tsaye, ta karanta 0, kuma abin da zai bi ta riziston rabin miliamfiya ne kawai. ATmega328P tana da irin wannan rizisto a cikin kowace ƙafa, mai om 20,000 zuwa 50,000, wanda ake kunnawa da umarni ɗaya a cikin manhaja. A lura cewa a wannan tsari rufe makunni 0 yake bayarwa, buɗe shi kuma 1, saɓanin abin da mai koyo ke tsammani.

4.3 Ƙafafun Awo

Ba kowace tambaya ce ake amsawa da i ko a'a ba. Manomin rani yana son sanin yawan laimar da ta rage a ƙasa, mai sola kuma yana son sanin yawan cajin batir. Domin irin wannan aka tanadi ƙafafu A0 zuwa A5. Suna raba tazarar da ke tsakanin bolt 0 da bolt 5 zuwa mataki 1,024, su ba da lamba daga 0 zuwa 1,023. Ke nan bolt 2.5 zai ba da lamba wajen 512. Sai dai ba a jona batir mai bolt 12 kai tsaye. Ana fara rage matsinsa da rizisto biyu a jere, alal misali mai om 20,000 da mai om 10,000, a ɗauki awo daga tsakaninsu. Ta haka bolt 12 zai koma bolt 4, ƙwaƙwalwa ta karanta kimanin 818.

5.0 Ƙafar Aikawa

Ƙafar aikawa ita ce bakin na'ura. A bayan kowace ƙafa akwai ƙananan makunnai biyu na lantarki. Ɗaya yana haɗa ta da layin bolt 5, ɗayan yana haɗa ta da layin ƙasa, kuma ba sa rufewa tare. Idan manhaja ta rubuta 1, na sama ya rufe, wuta ta fita daga ƙafar. Idan ta rubuta 0, na ƙasa ya rufe, ƙafar ta zama magudanar da wuta ke bi ta koma ƙasa. Saboda haka 0 ba ya nufin an yanke ƙafar. A jone take da ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa mata wayar bolt 5 a wannan hali ya haɗa sama da ƙasa kai tsaye, yana iya ƙona ta.

5.1 Iyakar Ƙarfin Ƙafa

Ƙafa ɗaya ba ta jure kwararar da ta wuce miliamfiya 40, kuma abin da ake so a aikin yau da kullum shi ne kada a wuce 20. Dukkan ƙafafu idan aka haɗa kada su wuce 200. Wannan ya ishi ɗan ƙaramin ƙwan fitila irin na jikin caja. Jan ƙwai yana cin kimanin bolt 2, saura bolt 3. Idan aka sa masa rizisto mai om 220, sai a raba 3 da 220, a sami kusan miliamfiya 14. Wannan ita ce ƙa'idar da masanin kimiyya Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827. Idan aka cire riziston, ba abin da zai taƙaita kwarara, ƙwan ko ƙafar ɗaya zai lalace.

5.2 Sarrafa Manyan Kaya

Jiniya ko injin jawo ruwa na lantarki yana buƙatar wuta ninkin-ba-ninkin abin da ƙafa ke iya bayarwa. A nan ne ya kamata a riƙe babbar ƙa'idar wannan babi: ƙafa umarni take bayarwa, wani ne ke ɗaukar nauyi. Ƙafar tana tura 'yar wuta kaɗan zuwa tiransisto ta cikin rizisto. Tiransiston ya buɗe hanya ga wuta mafi yawa, wadda ke motsa rile, wato makunni mai aiki da maganaɗisu. Rilen kuma shi ke haɗa jiniya da batir, ko injin da wutar gida mai bolt 230. Kwatankwacinsa shi ne mai kula da ƙofar magudanar ruwa: ba shi ke ɗauko ruwa ya kai gona ba, ƙofa kawai yake murɗawa. Haka kuma, duk lokacin da aka yanke wa rile wuta, naɗin wayar da ke cikinsa yakan mayar da wani matsi mai ƙarfi baya. Don haka ake gicciya masa dayod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, domin ya shanye wannan matsi kada ya fasa tiransiston.

5.3 Kunna-kashe

Ƙafar aikawa ba ta iya ba da rabin matsi. Idan ana son rage hasken fitila ko gudun ƙaramin inji, sai a riƙa kunna ta ana kashewa da sauri, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Idan rabin lokacin a kunne take, ido zai ga haske ya ragu. Ƙafafu shida na allon Uno ke yin wannan aiki, wato 3 da 5 da 6 da 9 da 10 da 11.

6.0 Misali: Ƙararrawar Ambaliya

A ƙaddara wata makaranta a wani ƙauye na ƙasar Auyo da ke gaɓar kogi tana son haɗa ƙararrawar gargaɗi. Za a kafa turke a bakin ruwa, a ɗaura masa makunni mai taso-ruwa a daidai tsayin da dattawan gari suka san cewa idan ruwa ya kai nan to haɗari ya matso. Makunnin yana aiki ne kamar gorar masunta: ruwa ya taso, ya ɗaga shi. Za a ja waya biyu daga makunnin, ɗaya zuwa ƙafa ta 2, ɗaya zuwa layin ƙasa. Ƙafa ta 8 za ta sarrafa jiniya ta hanyar tiransisto da rile. Ƙafar A0 za ta riƙa duba batirin da farantin sola ke yi wa caji. Matakan manhajar su ne:

i. A mayar da ƙafa ta 2 ta karɓa, a kunna mata ja-sama.
ii. A mayar da ƙafa ta 8 ta aikawa, a rubuta mata 0.
iii. A karanta ƙafa ta 2.
iv. Idan ta nuna haɗari na tsawon daƙiƙa 30 ba yankewa, a rubuta wa ƙafa ta 8 lamba 1.
v. A koma mataki na uku.

Jinkirin daƙiƙa 30 yana da dalili. Igiyar ruwa ko wucewar kwalekwale na iya girgiza makunnin. Jiniyar da ke tayar da gari a banza sau biyu ko uku, ranar da ta yi kukan gaskiya ba mai fitowa.

Akwai wata tambaya mafi muhimmanci: a wane hali ya kamata makunnin ya kasance lokacin da ruwa ke kwance? Idan aka tsara shi ya zauna a buɗe, ya rufe in ruwa ya taso, to 1 na nufin lafiya, 0 na nufin haɗari. A ce ɓera ya ci wayar, ko shanu sun tsinke ta. Ja-sama zai riƙe ƙafar a 1, na'ura ta ci gaba da shaida lafiya har ruwa ya shigo gari. Idan kuwa aka juya tsarin, makunni ya zauna a rufe, ya buɗe in ruwa ya taso, to 0 ne lafiya, 1 ne haɗari. A wannan tsari tsinkewar waya ma 1 za ta bayar, jiniya ta yi kuka, a zo a duba a gyara. Kayan aiki ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne, amma tsari na biyu ne kaɗai ke tona asirin lalacewarsa. Bugu da ƙari, doguwar waya tana kwaso tarkacen lantarki, musamman lokacin tsawa, don haka ya fi kyau a ƙara mata riziston ja-sama na waje mai om 1,000 zuwa 4,700. Irin wannan ƙararrawa taimako ce kawai, ba ta maye gurbin sanarwar hukumomin da ke lura da koguna da madatsu.

7.0 Kura-kuran Da Ya Kamata A Kiyaye

a. Shigar da matsin da ya wuce na ƙwaƙwalwa. Uno da bolt 5 yake aiki, amma ESP32 da Raspberry Pi Pico da bolt 3.3 suke aiki, kuma bolt 5 na iya lalata ƙafafunsu.
b. Haɗa ƙafafun aikawa biyu da juna, domin idan ɗaya ta ce 1 ɗaya ta ce 0 sai wuta ta kwarara ba shamaki.
c. Mantawa da haɗa layin ƙasa na batir da na allo. Matsi daga ƙasa ake auna shi, idan ƙasar ta bambanta awon ya ɓaci.
d. Barin yara su taɓa wutar gida. A aji, batir da ƙananan ƙwayayen fitila sun wadatar. Jona rile da bolt 230 aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ƙafa ita ce mahaɗar ƙwaƙwalwar na'ura da duniyar da ke kewaye da ita. Ƙafar karɓa tana sauraro, kuma tana buƙatar abin da zai riƙe ta kada ta yi reto. Ƙafar aikawa tana bayar da umarni, kuma tana buƙatar tiransisto ko rile ya ɗauki nauyin aikin. An kuma ga cewa zaɓen abin da 0 da 1 za su wakilta hukunci ne na mai tsarawa, wanda a wuri kamar Auyo yana iya shafar rayuka da dukiyoyi. Malamin da zai koyar da wannan darasi ya fara da abin da ɗalibansa suka sani, wato madatsa da ƙofar ruwa da karin sauti, sannan ya tsaya a kan kalma ɗaya ga kowane abu daga farkon darasi har ƙarshensa.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin matsin lantarki da kwararar lantarki tare da misali daga noman rani.
2. Me ake nufi da ƙafa mai reto, kuma yaya ake magance matsalar?
3. Lissafa kwararar da za ta bi jan ƙwan fitila idan aka sa masa rizisto mai om 330 a kan bolt 5.
4. Don me aka fifita makunnin da ke zaune a rufe wajen haɗa ƙararrawar ambaliya?
5. Fitar da keɓaɓɓun kalmomi biyar daga wannan babi, a bayyana waɗanda aka aro, da waɗanda aka ƙirƙira, da waɗanda aka faɗaɗa ma'anarsu.